Ƙura a ciki, gas a waje: abin da ke faruwa a kewayen kwezojin da suka ɓuya

Akwai wani galaksi, wato garken taurari, da masana suka ba lamba W2246-0526. Haskensa ya kai na rana tiriliyan 350, kuma a 2015 aka bayyana shi a matsayin galaksi mafi haske da aka sani a lokacin. Amma in ka saita masa babban madubin hangen nesa mai ɗaukar hasken da ido ke gani, da ƙyar za ka ga wani ɗan ɗigo dishi-dishi. Kusan duk hasken nan yana fita ne a matsayin infared, hasken zafi wanda ido ba ya kamawa, shi ya sa sai da tauraron ɗan'adam na WISE, wanda hukumar NASA ta harba a Disambar 2009, ya leƙa sararin sama da idon infared kafin a gano shi. Hasken da muke karɓa daga gare shi yau ya baro can shekara biliyan 12.4 da suka wuce.

A tsakiyarsa kweza ce, wato baƙin rami mai haɗiyar gas, ke ci, ƙura kuma ta lulluɓe ta ruf. Irin waɗannan kwezoji da gas ɗin da ke zagaye da su ne ake sa ran za su amsa wata tsohuwar tambaya: me ya sa manyan galaksi suke daina haifar taurari?

Wutar da murfinta

Kweza baƙin rami ne, wato dunƙulen da ƙarfin jansa ba ya barin ko haske ya tsere daga cikinsa, mai nauyin rana miliyoyi ɗaruruwa zuwa biliyoyi, wanda yake tsakiyar galaksi yana haɗiyar gas. Gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye. Yana zagaye ne kamar faifai, yana gogar juna, yana yin zafi har ya fitar da hasken ultrabayolet mai tsanani, wanda shi ma ido ba ya kamawa. Maarten Schmidt ne a 1963 ya auna nisan ta farko, 3C 273, ya nuna cewa abin da ake ɗauka tauraro ne a cikin galaksinmu ashe yana can nesa, tafiyar haske ta shekara sama da biliyan 2.

Wannan hanya tana juya kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin abin da aka haɗiye zuwa haske. Wutar da ke cikin rana kashi 0.7 kawai take juyawa. Da wannan lissafi, ramin da yake cin nauyin rana ɗaya a shekara zai ba da hasken rana kamar tiriliyan 1.5. In aka jingina wa rami duk hasken W2246-0526, to yana cin sama da rana 200 a shekara.

Ƙurar da ake magana ƙananan ƙwayoyi ne na kabon da silika, akasarinsu ba su kai maikromita ɗaya ba. A galaksinmu nauyinta kamar kashi 1 cikin 100 ne na nauyin gas, amma wannan ɗan kason ya isa ya tare haske. Takan sha ultrabayolet, ta ɗumama, ta mayar da shi infared. Kusa da rami ba ta iya zama, domin da zarar zafi ya kai wajen digiri 1,500 na ma'aunin Kelvin sai ta narke ta zama tururi. Saboda haka takan tsaya daga inda zafin ya sassauta, ta kewaye ramin kamar zobe mai kauri.

A nan ra'ayi ya rabu gida biyu, kuma rabuwar tana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya. Na farko ya ce kweza mai ƙura da kweza tsirara abu ɗaya ne, kusurwar kallo ce ta bambanta su: wanda ya kalla ta bakin zoben ya ga wuta, wanda ya kalla ta gefe ya ga ƙura. Aikin Antonucci da Miller na 1985 a kan galaksin NGC 1068 ya tabbatar da cewa haka abin yake a wasu wurare. Na biyu, wanda David Sanders da abokan aikinsa suka gabatar a 1988, ya ce lulluɓin wani mataki ne na rayuwa. Galaksi biyu su yi karo, gas ya kwarara tsakiya, taurari su ɓarke da haihuwa, rami ya ci a ɓoye, sannan ya yi ƙarfin da zai yaye mayafin da kansa. A samaniyar kusa ra'ayin farko yana bayyana abubuwa da yawa. A nesa kuwa, inda galaksi suke ƙanana a faɗi amma maƙil da gas, jikin galaksin kansa yana iya rufe kweza ko da babu zoben. A can na biyun ya fi nauyi, kodayake bai kore na farkon ba.

Dalilin da ya sa ake zargin kweza

Tun 1998 zuwa 2000 aka gano cewa nauyin baƙin rami yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin curin taurarin da ke tsakiyar galaksinsa, kusan ɗaya ko biyu cikin dubu. Rami da galaksi sun bambanta a girma nesa ba kusa ba, don haka dole akwai abin da ke kai saƙo tsakaninsu. Lissafin ƙarfi ya nuna ana iya yi. Ƙarfin da rami ke fitarwa a tsawon girmansa ya ninka wanda ke riƙe da curin galaksi sau gommai, wani lokaci sama da ɗari. Ko kashi 0.5 zuwa 5 cikin 100 ne ya kama gas, ya isa ya tarwatsa shi. Joseph Silk da Martin Rees sun kawo wannan hujja a 1998, kwaikwayon kwamfuta na Di Matteo da Springel da Hernquist a 2005 kuma ya nuna yadda za ta kasance.

Ƙura tana ƙara wa turin ƙarfi, kuma ba a cika faɗin wannan ba. Ga gas marar ƙura akwai iyakar Eddington, inda turin haske ya daidaita da jan nauyi: hasken rana kamar 33,000 ga kowane nauyin rana ɗaya na ramin. Gas mai ƙura kuwa yana kama haske fiye da haka sau ɗaruruwa, ƙurar kuma tana jan gas ɗin tare da ita. Wato kwezar da ba ta kai iyakarta ba tana iya korar lulluɓinta. Murfin da ya ɓoye wutar shi ne kuma ya fi saurin tashi.

An ga korar da ido. A Markarian 231, kweza mafi kusa da mu, an auna a 2010 gas mai sanyi yana fita da kusan nauyin rana 700 a shekara, fiye da abin da galaksin ke juyawa zuwa taurari. A cikin kwezoji masu tsananin ja na nesa an auna gas ɗin oksijin mai zafi yana gudun kilomita dubbai a daƙiƙa ɗaya.

To amma fitar gas daga tsakiya daban, mutuwar galaksi daban.

Taskar tana waje

Gas ɗin da ke cikin galaksi ba shi da yawan da ake zato. Galaksi mai gas na nauyin rana biliyan 100, in yana haifar taurari na nauyin rana 1,000 a shekara, cikin shekara miliyan 100 zai cinye shi tas. Ko galaksi na yau da kullum a zamanin da haihuwar taurari ta kai ƙololuwa, kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, gas ɗinsu ba ya kai su shekara biliyan ɗaya. Duk da haka sun yi ta haihuwa na biliyoyin shekaru. Ana ƙaro musu ke nan daga waje.

Wajen nan shi ne rawanin gas da ke kewaye da galaksi, wanda ya miƙe tafiyar haske ta shekara dubu ɗaruruwa, ya ninka faɗin taurarin sau goma ko fiye. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai gas mai zafin digiri miliyan ɗaya ko sama, siriri ƙwarai, wanda ya cika ko'ina. A cikinsa akwai gajimare da jijiyoyi masu zafin kamar digiri 10,000, waɗanda a wannan fage su ake kira masu sanyi. Su ne abincin galaksi. Suna gangarowa daga jijiyoyin gas da suka saƙa sararin duniya kamar yanar gizo-gizo, kuma duk abin da kweza ta kora daga ciki a nan yake sauka, da ƙarafansa da ƙurarsa.

Saboda haka a ganinmu tambayar da ta fi cancanta ita ce abin da kweza take yi wa wannan taska. In ta share cikin galaksi amma ta bar jijiyoyin suna kwarara, galaksin zai sake cika. In ta ɗumama rawanin ta yadda gas ba zai huce ya gangaro ba, galaksin zai mutu a hankali ko da ba ta fitar da ƙwaya ɗaya daga cikinsa ba. Lissafin gudu ma yana goyon bayan wannan kallo. Gas mai gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa yana cin tafiyar haske ta shekara 3,300 ne kawai a cikin shekara miliyan ɗaya. Kafin ya kai gefen rawani mai nisan shekarar haske 300,000 sai ya yi shekara miliyan 90, in bai rage gudu ba, alhali yana tura duk gas ɗin da ya tarar a hanya yana gajiya. Yawancinsa ba ya tserewa. Yana tsayawa a rawanin, wani ya dawo.

Yadda ake ganin abin da ba ya haske da kansa

Gas ɗin rawani siriri ne, kuma nisa yana cinye haskensa ta muguwar hanya. Faɗaɗar sararin duniya tana miƙa tsawon igiyar haske. Masana suna rubuta wannan miƙewa da harafin z: in z ya zama 3, kowace igiya ta ninka tsawonta sau 4. Hasken shimfiɗaɗɗen abu kuwa yana dushewa da wannan ninkin sau huɗu a jere, wato 4 sau 4 sau 4 sau 4, sau 256 ke nan.

Kweza ce ke ceton lamarin, domin tana haska rawanin kamar fitila a cikin hazo. Ultrabayolet ɗinta yana fizge elektron daga haidirojin, in elektron ɗin ya koma mazauninsa sai a sami haske a wani layi, wato tsawon igiya guda takamaimai, da ake kira Lyman-alfa, mai tsawon nanomita 121.6. A z na 3 layin yana isowa da tsawon nanomita 486, shuɗin da madubin ƙasa ke iya gani. Da haka Sebastiano Cantalupo da abokan aikinsa suka ga, a 2014, gajimare mai faɗin shekarar haske kusan miliyan 1.5 a kewayen kwezar UM287 da madubin Keck na Hawai. A shekarar ce na'urar MUSE ta fara aiki a kan ɗaya daga madubai masu faɗin mita 8.2 na VLT a Paranal, ƙasar Cile. Ita ba hoto kaɗai take ɗauka ba. Kowane ɗigo na hoton tana rarraba haskensa launi-launi, kusan ɗigo 90,000 a ɗauka ɗaya, daga nanomita 480 zuwa 930. A 2016 binciken Borisova ya duba kwezoji 19 da ita, aka tarar kowacce tana da irin wannan gajimare, mafi yawa faɗinsu ya wuce shekarar haske 300,000.

Aikin da ke tsakanin ɗauka da sakamako yana da matakai, kuma kowanne yana da inda yake lalacewa. Da farko a cire hasken iskar duniyarmu. Sai a cire hasken kwezar kanta, wanda iska ta baza shi ya rufe tsakiyar gajimaren: ana gina siffarsa daga launukan da ke gefen layin, inda gas ba ya haske, a daidaita shi da ɗigon tsakiya, a cire shi launi bayan launi. In an cire da yawa sai a huda rami na ƙarya a tsakiya, in an cire kaɗan sai ragowar ta yi kama da gas. Bayan haka a cire galaksin da suka gifta ta gaba ko ta baya, sannan a nemi ɗigogin da ke haɗe da juna waɗanda haskensu ya haura hayaniyar na'ura.

A mataki na biyu kweza mai ƙura tana da falala babba, domin ƙurar ta riga ta rufe fitilar, ana iya ganin gas har kusa da galaksin. Sai dai tana karɓa da ɗaya hannun. Kafin ka ce gas yana shiga ne ko yana fita, sai ka san ainihin z na galaksin. Layukan da ke fitowa daga kusa da rami kuwa iskar da ke fita ta karkatar da su da kilomita ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a daƙiƙa. Wanda ya dogara da su zai ga gas da ke zaune lafiya kamar yana gudu. Maganin shi ne a auna z daga gas mai sanyi na jikin galaksin.

Wannan aikin na'urar ALMA ne, faifan hangen nesa 66 da aka jera a tudun Chajnantor mai tsayin mita 5,000 a Cile. Tana kama layin kabon mai tsawon maikromita 158, wanda daga W2246-0526, mai z na 4.6, yake isowa da tsawon kusan milimita 0.9. A wannan tsawo ƙura ba ta tare komai. A 2016 ALMA ta nuna cewa gas ɗin wannan galaksi gaba ɗayansa a hargitse yake, yana motsi da kilomita ɗaruruwa a daƙiƙa ta kowace fuska. A 2018 ta nuna igiyoyin ƙura da suka haɗa shi da ƙananan galaksi uku na kusa, yana zuƙe su. Ci da hargitsi suna tafiya tare a wuri ɗaya.

Amma ba duka ne suke bin wannan tsari ba. W0410-0913, wani irinsa mai z na 3.6, an ga ƙananan galaksi 24 a kewayensa da MUSE a 2022, duk da haka gas ɗinsa yana juyawa a tsare kamar faifai, babu alamar babban karo. Wannan ya isa ya hana a mayar da labarin karo doka ga kowa.

Inda lissafi ke zamewa

Kuskure mafi sauƙin yi shi ne ɗaukar haske a matsayin yawan gas. Ƙananan binciken da aka yi sun nuna gajimaren kwezoji masu ƙura yakan fi dushewa, ko ƙanƙanta, ko karkata gefe ɗaya. Abu na farko da zai zo zuciya shi ne gas ɗin ya ƙare. Amma in ƙura ta tare ultrabayolet, rawanin yana iya zama cike alhali yana cikin duhu. Siffar gajimaren sau da yawa taswirar ƙofofin da haske ya samu ya fita ce, kuma wannan ma abin amfani ne: gajimare mai fuka-fuki biyu yana nuna zobe da ake kallo ta gefe, wanda ya dushe ta ko'ina yana nuna lulluɓi ya rufe kowace fuska.

Lyman-alfa kansa layi ne mai wuyar sha'ani. Haidirojin da bai rasa elektron ɗinsa ba yana sha ya sake fitar da shi sau dubbai kafin ya tsere, kowane karo yana sauya masa hanya da ɗan tsawonsa. Faɗin layin ba lallai ya zama gudun gas ba. Kuma hanyoyi uku ne ke iya samar da shi: komawar elektron, warwatsuwar hasken kwezar, da hucewar gas mai gangarowa. Kowacce tana ba da nauyin gas daban. Shi ya sa ake neman layin hiliyom na nanomita 164 da layukan kabon, waɗanda suka fi shi rauni sau goma ko fiye. A kewayen UM287 rashin ganin hiliyom ya tilasta cewa gas ɗin yana cikin ƙananan curi masu kauri, faɗinsu bai wuce shekarar haske gommai ba. Kwaikwayon kwamfuta na galaksi gaba ɗaya ba ya iya sauka zuwa wannan ƙanƙanta, don haka kwatanta shi da abin da aka gani yana buƙatar hattara.

Gas mai sanyi ƙwarai ma ba a auna shi kai tsaye. Molekul ɗin haidirojin ba ya haske a wannan sanyi, sai a auna kabon monoksaid a ninka da wani adadi: kusan 4.3 a galaksi irin namu, 0.8 a masu hargitsi. Zaɓin adadin kaɗai yana sauya amsa sau biyar. Yawan gas mai fita ya dogara da kaurin elektron da aka ɗauka, kuma tsakanin 100 da 1,000 a kowace santimita kubu amsa tana sauyawa sau goma. Jerin faifai irin na ALMA, in an baza su nesa da juna don a ga ƙananan siffofi, sai su makance ga haske mai faɗi, wanda shi ne ainihin abin da ake nema a rawani. Ga kuma ɗumin farkon duniya, wanda yau digiri 2.7 ne amma a z na 6 ya kai 19: gas mai sanyi kusa da haka yana sajewa da bangonsa.

Labarin kwezar J1148+5251, mai z na 6.4, darasi ne. A 2012 da 2015 an ba da rahoton gas mai yawa yana fita daga cikinta, har ta zama misalin da ake bugawa. Da aka sake dubawa da na'urar NOEMA ta Faransa bayan an inganta ta, sakamakon 2022 bai ga wannan fita ba. Alamar tun asali tana bakin iyakar abin da tsohuwar na'urar ke iya kamawa.

Sai matsalar agogo, wadda babu na'urar da za ta warware ta kai tsaye. Kweza tana kunnuwa tana mutuwa, wataƙila cikin shekara dubu ɗari ko miliyoyi kaɗan a kowane zango. Ma'aunin haihuwar taurari na infared kuwa yana haɗa abin da ya faru a kusan shekara miliyan 100. Don haka in aka ga kweza mai ƙarfi a galaksin da ke haihuwa da yawa, kuma haka ake yawan gani, wannan bai wanke ta ba, bai kuma kama ta ba. Rawanin ne ke riƙe da tarihi. Gas da ke nisan shekarar haske 300,000 yana nuna yadda fitilar take shekara 300,000 kafin wannan lokaci. An ga misalinsa a kusa: gajimaren da Hanny van Arkel ta gano a 2007 gefen galaksin IC 2497 har yanzu yana haske, alhali kwezar da ta haska shi ta riga ta dushe.

Madubin James Webb, wanda aka harba a Disambar 2021, ya sauƙaƙa wani ɓangare na aikin. Yana kama layin haidirojin na nanomita 656 da na oksijin na 501 daga waɗannan nisa, layukan da ba sa yawo irin na Lyman-alfa, kuma ƙura ba ta cin su kamar yadda take cin sa. A 2022 ya duba jar kwezar SDSS J1652+1728, mai z na 2.9, ya ga iska mai fita da gudu, ya kuma ga aƙalla galaksi uku suna zagaye da ita a matse. In aka sami Lyman-alfa da layin 656 a wuri ɗaya, rabon da ke tsakaninsu yana nuna ko komawar elektron ce ta samar da hasken ko warwatsuwa, daga nan ne za a iya fara auna nauyin taskar da gaske. Filin da na'urar rarraba haske ta Webb ke gani a ɗauka ɗaya ƙarami ne, bai kai ɗaya cikin ɗari na MUSE ba, saboda haka rawani guda sai an ɗauke shi gunduwa-gunduwa a ɗinke.